Kayan Jegon Auta

Aikina tambaya ne. Shekara tara ke nan ina tsaye bayan wani dogon teburin ƙarfe a rumfar karɓar kaya da ke gefen filin jirgin sama na Kano, ina tambayar mutane abin da suka ƙunsa. Wa ya haɗa kayan nan? Akwai batir a ciki? Akwai turare, ko fenti, ko ashana, ko wani abu mai feshi? Akwai maganin ƙwari? Na tambayi alhazai masu furfura, na tambayi matan manya da ke kallona kamar na zagi iyayensu, na taɓa sa wani ɗan kasuwa ya zazzage kwalayensa duka a ƙasa don kawai ya ce mani kayan gida ne. A bakin teburin nan ba na jin nauyin kowa, har abokan aiki suna tsokanata wai da takardar tambaya aka haife ni. Mutum ɗaya ne na kasa tambaya, mahaifina.

Kafin a ba ni teburin sai da aka tura mu kwas, aka ɗora mana wani littafi mai kaurin bulo wanda ake sabunta shi duk shekara. A cikinsa an kasa kaya masu haɗari gida tara, tun daga masu fashewa da iskar gas har zuwa guba da ruwan da ke cin ƙarfe. Kowane da lambarsa, da irin mazubin da aka yarda a zuba shi, da tambarin da za a manna masa. Akwai waɗanda jirgin kaya kaɗai ke ɗauka, akwai waɗanda babu jirgin da zai ɗauka ko nawa za ka biya. Hajiyar da ta koyar da mu, wadda daga baya ta zama shugabata a rumfar, ta sha gaya mana cewa jirgi ba motar Funtua ba ce da direba zai gangara gefen titi kowa ya dira idan hayaƙi ya tashi. Da na je gida na ba Baba labarin kwas ɗin, sai ya saurara har na gama, sannan ya ce ashe a boko har da darasin leƙa kayan mutane.

Dole ya ce haka. Baba manomi ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Funtua, kuma tun ina ƙarami yake kai hatsi kasuwar Funtua. Dillalan can suna da wani ƙarfe mai kwari a tsakiya da suke soka wa buhu su zaro ƙwayar hatsi su duba, amma ba sa soka shi a buhun Baba. Sun san ɗinkinsa, wanda yake yi da basilla ya ja zaren tamau ya bar wa buhun kunnuwa biyu a tsaye. Idan ya ce sabuwar masara ce, to sabuwa ce tun daga baki har gindi. An taɓa yin wani sabon dillali da bai san shi ba ya soka masa buhu. Nan take Baba ya sa aka kwashe buhunansa aka kai wata rumfa, kuma bai sake tsayawa a ta farko ba.

Ga shi kuma ni ne ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "kai wannan" yake ce mani, da na fara aiki na koma "ma'aikaci". Hirarmu ba ta wuce gaisuwa da labarin damina da tsadar taki. Duk wata magana mai nauyi ta bakin Inna take bi, ta kai masa tawa ta kawo mani tasa, ko da muna zaune a tabarma ɗaya. Da Inna ta rasu sai aikin ya koma hannun ƙanwata, autarmu, wadda ita kam ba ta san wani abu wai shi nauyin Baba ba. Tana zura hannu a aljihunsa ta ɗauki goro, tana yi masa musu a gaban baƙi, shi kuwa sai dariya. Ni da na yi rabin wannan da yanzu wani labarin ake yi.

To, Auta ta auri wani malamin makaranta, ya samu gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa mai nisa mai tsananin sanyi, ta bi shi. Can ta samu cikin fari. A al'adarmu da cikin ya kai wata bakwai za ta dawo gida, ta haihu a ɗakin uwarta, a yi mata wanka safe da yamma har kwana arba'in, a riƙa ɗura mata kunun kanwa har ta ce ta gaji. Auta ba ta da hanyar dawowa, kuma ko ta dawo ɗakin Inna a rufe yake. Ta kira ni ta yi kuka son ranta, ta ce kada in gaya wa Baba. Ban gaya masa ba, amma ya sani.

Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, shi ya ɗauki aikin Inna. Ya hau babur ya tafi Malumfashi wurin yayarsa, Gwaggo, ya zauna a gabanta ta lissafa masa abin da mai jego ke buƙata. Gwaggo ta ce sai da ta yi dariya har da hawaye, daga baya kuma hawayen ya zama na gaske. Ya shiga kasuwar Funtua layin masu kayan yaji, inda bai taɓa takawa ba, yana shinshina citta da kanumfari da masoro da kimba, yana ɗanɗana kanwa a harshe, masu sayarwa suna tambayarsa ko amarya aka yi ba su ji ba. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa Gwaggo ta haɗa. Gero kuwa nasa ne. Duk yankinmu an koma masara da waken suya, amma shi yana da ɗan wani gefe a gonarsa da yake shuka wa Inna gero saboda fura, kuma bai daina ba bayan rasuwarta. Ya ƙara da farin wake don Auta na son alale.

Nawa aikin shi ne tura kayan. Kamfaninmu yana tara kayan da za su waccan ƙasa ya tura sau ɗaya a mako biyu. Ana rufe karɓa ranar Talata da la'asar, jirgi ya tashi Laraba. Mijin Auta ya riga ya bincika abin da hukumar can ta yarda a shigo da shi, likita kuma ya ce haihuwa ba za ta wuce kwana goma ba. Ke nan idan muka rasa wannan jirgin, kayan jego sai bayan suna. Na gaya wa Baba a waya cewa ya bar kayan a buɗe, zan zo ranar Lahadi in ƙunsa da kaina. Amma yadda na faɗa, ciki-ciki kamar mai roƙon alfarma, ko ni ba zan ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Da na isa ranar Lahadi, buhun na tsaye a zaure, sabo fil, fari, an ɗinke shi tamau da kunnuwansa biyu. An rubuta sunan Auta a jikinsa da ajami. Baba na tsaye a gefensa yana shafa shi kamar mai nuna ragon layya. Ya ce ya sa leda biyu a ciki don kada danshi ya shiga, ya jera kayan yajin a tsakiyar geron don kada su murƙushe. Tambayoyin da nake yi wa mutane sau hamsin a rana suna kan harshena a jere. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko an samu ruwa a makon nan. Ya ce an samu, alhamdulillahi. Da na sunkuya zan ɗauki buhun ya hana ni, ya kinkima da kansa ya sa a but ɗin mota, ya gyara masa zama.

Ban kai Dayi ba na fara jin wani wari a motar kamar na tafarnuwa. Na ce wa kaina yaji ne da daddawa. Wajen Gwarzo kaina ya fara sarawa, na sauke gilasai duka huɗu na ce rana ce. Gaskiyar magana na san warin nan. Duk ɗan da ya tashi a gidan hatsi ya san shi, shi ne warin da ke fitowa daga sito bayan kaka, lokacin da Baba ke kulle ƙofa ya ce duk wanda ya kusanci wurin sai ya zane shi. Na sani, na dai ƙi yarda ne. Da na isa gida gajiya ta sa na bar buhun a but, ban shigar da shi ɗakin da na saba ajiye tsarabar ƙauye ba, wanda kuma a nan yarana ke kwana. Har yau idan na tuna wannan sai gabana ya faɗi.

Ga wanda bai sani ba, wata ƙwayar magani ce mai launin toka da ake sayarwa a ɗan gwangwani. Manomi zai naɗe biyu ko uku a tsumma ya cusa a tsakiyar buhu ya ɗinke. Ita kuma tana jan danshin iska ta riƙa fitar da wani tururi da ba a gani, ya kashe duk ƙwaron da ke ciki. A sito mai nisa da ɗakin kwana, aminiyar manomi ce. A littafinmu kuwa tana cikin abubuwan da idan suka ji laima suke fitar da iska mai guba mai iya kama wuta, kuma an haramta wa jirgin fasinja ɗaukarta kwata-kwata. Jirginmu na Laraba na fasinja ne, kayan a ƙarƙashin ƙafafun mutane za su zauna.

Ranar Litinin da safe na buɗe but, warin ya mare ni. Duk da haka na ɗauki buhun na kai rumfa, na ɗora a sikeli, na cike takarda har na zo layin ƙarshe inda mai kaya ke sa hannu cewa babu wani abu mai haɗari a ciki. Ba zan ɓoye abin da na saƙa a raina ba. Na ce ai ni ne mai dubawa, wa zai duba nawa? Na ce ƙila ma ƙwayar ta riga ta zama gari. Sannan wata dabarar ta zo, wadda ta fi daɗi, in jefar da buhun in shiga kasuwa in sayi gero da yaji in tura, Baba bai sani ba, Auta ba ta sani ba, ni kuma na tsira daga yi wa mahaifina tambaya. Na daɗe tsaye da biro a hannu. Daga ƙarshe na ajiye shi na kira Hajiya.

Ba ta ƙaraso teburin ba ta toshe hanci da mayafi. Nan take ta sa aka fitar da buhun can bayan rumfa inda iska ke kaɗawa, aka kewaye shi, ta kira waɗanda aikinsu ne kula da irin wannan. Sai da ta gama duk wannan sannan ta juyo kaina ta tambayi na wane ne. Na ce nawa ne, mahaifina ya haɗa wa ƙanwata. Ta tambaya ko na yi masa tambayoyin. Na ce ban yi ba.

"Shekara tara kana tsare iyayen wasu," in ji ta. "Jeka ka kira naka."

Ta ƙara da cewa ko an cire ƙwayar, sai an shanya komai kwanaki kafin ta yarda ya shiga rumfarta, kuma ita da 'yarta ce ba za ta ba mai jego yajin da ya kwana da wannan abu ba. Wato buhun nan dai ba zai hau jirgin Laraba ba.

Na zagaya inuwar wata bishiya na kira Baba. Na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi gona, na tambayi ƙafar Gwaggo, har na fara tambayar shanun maƙwabta. Ya katse ni ya ce shi ya san ba gaisuwa ta sa na kira shi da hantsi ba. Sai na tambaye shi ko ya sa magani a buhun.

"Na sa mana," ya ce, har da fara'arsa. "Ukku na sa. Tafiya irin wagga, ka so ɗiyata ta buɗe ta iske ƙwari sun riga ta?"

Na fara yi masa bayanin jirgi, yadda cikinsa yake a rufe ruf, yadda babu wurin tsayawa, yadda doka ta hana. Ya saurara, amma na ji maganar ba ta shige shi ba. Ya ce shi ya fi shekara talatin yana sa wannan magani kuma babu wanda ya ko yi tari a gidansa. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, in ya isa ta zare tsumman ta binne, ta baza geron a tsakar gida ya sha iska kwana biyu, shi ke nan.

Na ce, "Baba, ba ta da tsakar gida."

Na ci gaba. Na gaya masa a hawa na shida suke, ɗaki ɗaya da ɗan falo, wurin girki taku uku ne daga gadonta. Na ce tagoginsu a rufe suke wata da watanni saboda sanyi, har da roba ake liƙe gefensu. A nan za ta buɗe buhun, a nan zai kwana, kuma a nan za a shimfiɗe jaririn. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba tunda aka haife ni. Ta wayar ina jin kukan awaki a gidanmu da wata mata tana daka can nesa, shi kuwa ko numfashinsa ba na ji. Can ya yi salati a hankali.

"Da hannuna," ya ce. Bai ƙarasa ba. Ya tambayi yaushe ake rufe karɓar kaya, na ce gobe da la'asar, ya kashe wayar.

Na wuni ina jin kamar na mari tsoho. Na ɗauka fushi ya yi, kuma na san fushin Baba ba ya da hayaniya, kwashe buhunansa kawai yake yi ya bar maka rumfa. Da yamma sai ga kiran Gwaggo, ko sallama ba ta gama ba ta hau ni da faɗa, wai me na gaya wa ƙanenta. Ta ce ya hau rumbu da kansa, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya sauko da damman gero waɗanda magani bai taɓa su ba. Ya bi gida-gida ya tara matan maƙwabta suka yi sussuka suka sheƙe, yana tsaye a kansu. Daga nan ya zo Malumfashi ya share mata madafa, kanwarta da yajinta da daddawar da ta ajiye wa kanta, bai bar mata ko na miyar gobe ba. Wake ne kawai ya haƙura da shi, don duk wanda ke sito ya sa masa magani. Ta ce tun safe bai ci komai ba. Na yi mata bayani, sai ta ce to Allah ya tsare, amma duk da haka ni mara kunya ne.

Ranar Talata na yi ta kallon agogo. Azahar ta yi, babu shi, wayarsa kuma a kashe. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa Auta, sai na hango adaidaita sahu ta tsaya a bakin ƙofa. Baba ne a baya, ya rungume buhu a cinya. Ba a ɗinke yake ba, igiya kawai aka ɗaure bakinsa da ita, basillar kuma na soke a hularsa. Wannan ne karon farko da ya ga inda nake aiki. Na zagayo da sauri na durƙusa zan gaishe shi, ya amsa a gajarce ya nuna mani bayan teburin.

"Koma wurinka, ma'aikaci. Tambaye ni yadda kake tambayar kowa."

Na koma. Na ɗauki takardar da na haddace tun tuni ina kallonta don kada in kalle shi. Na tambayi wanda ya haɗa kayan, ya ce shi ne. Na tambayi ko ya bar su a hannun wani, ya ce ko da direba ya so ya sa buhun a saman mota bai yarda ba. Batir babu, ashana babu, fenti kuwa ya ce me mai jego za ta yi da fenti, har ma'aikatan da suka yi kamar ba sa saurare suka tuntsire da dariya. Sai na zo kan maganin ƙwari. Ya ce babu, ya kwance igiyar da kansa, ya fito da ƙullin yaji da na kanwa da na kuka ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan ƙarfen, sannan ya juye geron a babban faranti ya ce a duba har ƙasa. Hajiya ta zo ta tsoma hannu a ciki ta ɗebo ta shinshina. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce rabonta da ganin gero mai tsabta haka tun na gidan mahaifiyarta. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka.

Saura tambaya ɗaya da na tsallake ban sani ba, sai da na duba takardar na gani. Na tambayi ko akwai turare. Ya ce a buhu babu. Sai kuma ya zura hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da wani abu naɗe a hankici, ya warware a hankali. 'Yar kwalba ce, ruwan cikinta bai kai rabi ba. Tun kafin ƙamshin ya iso ni na gane ta. Humrar Inna ce, wadda take haɗawa da kanta take shafawa ranar Juma'a da ranar biki. Ban san ma akwai saura ba.

"Wannan fa?" ya ce. "Ta uwarta ce. Na ce in ta fito wanka ta ɗan shafa, abin da ta haifa ya ji ƙamshin kakarsa."

Na dubi Hajiya, ta kawar da kai ta shiga gyara wasu takardu da ba sa buƙatar gyara. Ta bar ni da shi. Na san amsar. Haɗin gida ne, babu takarda a jikinsa, kuma na sha ganin Inna tana zuba masa turarukan kanti masu kama wuta. Ba zan iya rubuta shi a matsayin abin da ba shi da haɗari ba, kuma ba zan iya ba shi lamba ba tunda babu wanda ya san abin da ke ciki sai ita. 'Yar kwalba ce da za ta ɓace a tsakiyar gero babu mai gani, kuma wallahi na so in ce ya sa. Idona ya cika da ruwa. Na ce, "Baba, wannan ba za ta shiga ba."

Ya dube ni sosai, irin duban da bai saba yi mani ba. Sannan ya gyaɗa kai, ya sake naɗe kwalbar ya mayar aljihu. Ya tattara kayan cikin buhu, ya zare basilla daga hula, ya tsuguna a simintin rumfarmu ya ɗinke, masu dako suka tsaya suna kallon hannunsa. Na sa hannu a takardar ana kiran la'asar.

Kayan sun isa hannun Auta ranar Asabar, ta haihu ranar Laraba ta gaba, mace, aka mayar da sunan Inna. Wata maƙwabciyarta 'yar Nijar ce ta riƙa dama mata kunun. Auta ta ce da ta buɗe buhun kifa fuskarta ta yi a cikin geron, mijinta ya rasa ko dariya take ko kuka.

Amma a ranar Talatar nan ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na roƙe shi ya kwana ya ga jikokinsa, ya ce akwai masu noma gobe a gona. Na tsaya a hanya na saya masa gurasa da tsire, ya ci a motar ba tare da musu ba, na gane yunwar ta kai inda ta kai. Muka ƙarasa tasha. Da na tsaya, bai fita nan da nan ba. Ya fito da kwalbar, ya buɗe, ya ɗiga kaɗan a bakin hannun rigarsa, motar duka ta cika da Inna. Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon gaba.

"In kun yi magana da Auta," ya ce, "ka ce mata na kawo turaren har Kano, dokarku ce ta hana."

Na ce to, Baba.

Ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafa ɗaya, sannan ya dafa aljihun da ya mayar da kwalbar da tafin hannu. Bai juyo ba.

"Amma kada ka gaya mata na ji daɗi."